Tawada a Ƙafar Malam Balarabe

Hayin Banki, Kaduna
24 ga Yuni

Zuwa ga Baffa Labaran,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Delu da duk mutanen gida. Yaya aka ji da hidimar Sallah? Yaya kunnen? Na kira ranar Sallah, Inna ta miƙa maka wayar, ina ta "barka da Sallah" kana ta "wa ke magana?", har maigidana Sadiq ya ce in haƙura in koma takarda, yadda kuka saba da marigayi Abba. To ga shi na koma. Zan riƙa bayarwa a tashar Kawo, motar Malumfashi.

Mu duk lafiya lau. 'Yarmu Bilkisu ta fara haƙori, komai ta samu sai baki.

Abba kan ce duk cikin 'ya'yan baffanninsa kai ne ba ka gajiya da zancen aiki, don haka bari in ba ka labarin nawa. Ka san ni kaɗai ce likita a ƙaramin asibitin nan. Da, in cuta ta fi ƙarfina, sai in rubuta takarda in tura mutum babban asibiti. Rabinsu ba sa zuwa. Wanda ya je kuma a ba shi ranar ganin likita nan da wata biyu. Yanzu wata huɗu ke nan da aka sa mu cikin wani sabon tsari. Ina zama gaban kwamfuta in rubuta bayanin maras lafiya, in haɗa da hoto da sakamakon gwaji, in zaɓi sashen da nake so, ko zuciya ko suga ko fata ko yara, in aika. Kwana biyu, wani lokaci uku, sai amsar ƙwararren likita ta zo. Baffa, ban taɓa jin daɗin aiki irin na watannin nan ba. Na daina jin ni kaɗai ce a ɗakin.

Ka tuna Malam Balarabe na Unguwar Shanu, wanda yake zuwa gidanmu na Doka yana biya mana karatu da yamma? Shi ne ya zo min da gyambo a tafin ƙafar hagu, kusa da ƙaramin yatsa. Ya ce ya kusa wata biyar. Yana da ciwon suga, ga shi ba ya kiyaye abinci. Na ce zan tura shi Zariya, ya ce, "Lubna, in na tafi wa zai zauna da masu hadda? Ki yi min abin da za ki iya a nan." Sai na ɗauki hoto na aika sashen suga. Washegari amsa ta zo, tsaf da ita: a canja ƙwayoyi, a riƙa wanke ciwon kullum, a rage masa taka ƙafar. Gefen ciwon ya yi baƙi ta ɓangare ɗaya, amma wannan tawadar rubutu ce, don ya ce yana wanke allo ya sha ya kuma shafa. Na roƙe shi ya tsaya ga shan kawai.

Masu tsarin sun aiko mana da fom, wai kowane likita ya faɗi yadda ya gamsu, daga ɗaya zuwa biyar. Kai da ka yi shekara talatin kana duba cututtukan fata ido da ido, me ka gani game da irin wannan aiki?

A gaida Inna.

'Yarka,
Lubna

*

Malumfashi
1 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Lubna,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, na kuma karanta wa Delu. Muna lafiya. Kunne yana nan yadda kika san shi, na dama ya yi ritaya tare da ni, na hagu yana zuwa aiki rabin rana. Ruwa ya sauka sosai, masarata ta bayan gida ta kai gwiwa. A shafa min kan Bilkisu. Kada a ba ta kowane irin garin haƙori, ke ma kin sani, amma tsofaffin unguwa za su kawo.

Na tuna Malam Balarabe. Dogo, mai ɗan gemu, wanda ya taɓa gyara wa mahaifinki karatu a gaban baƙi, mahaifinki ya yi fushi na kwana uku sannan ya ƙara masa girma. Allah ya ba shi lafiya.

Kin tambaye ni ra'ayi a kan tsarinku. Ban gan shi ba, ba zan yi masa shaidar zur ba. A zamaninmu mutum kan yi tafiyar yini guda don in dube shi minti biyar, wasu kuma ba sa isowa. In an sami hanyar rage wannan, alhamdu lillahi. Sai dai wanda ke can nesa abin da aka nuna masa yake gani, abin da aka tambaye shi yake amsawa. Na'ura ba ta wanke ƙafa. Likitan da ya ga tawada ya tsaya a nan, bai gama duba maras lafiyarsa ba. Ni a wurinki, ba zan yi saurin cika fom ɗin nan ba.

Ki sanar da ni halin da ake ciki da wuri.

Delu ta sa miki daddawa da kuka a leda, suna hannun direba tare da takardar.

Baffanki,
Labaran Isa

*

Hayin Banki
23 ga Yuli

Baffa,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai Bilkisu da ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warke.

Takardarka ta ɗaya ga wata sai jiya ta zo hannuna. Motar ta lalace a hanya, direban ya bar ta wurin bakanike da takardar a ciki, sai da aka gama gyara ya tuna. Daddawar ta iso, a yi wa Inna godiya.

Na karanta abin da ka rubuta. Ban yi zaton za ka yi murna da tsarin ba, amma ban yi zaton za ka ce ban iya duba maras lafiya ba. Baffa, mutum sittin nake gani a rana. Ni ce mai dubawa, ni ce mai rubutawa, wani lokaci ni ce mai riƙe fitila in an ɗauke wuta. Ƙafar Malam kuwa kullum ana wanke ta, nas ɗinmu ce ke yi da hannunta. Ku kun yi aiki a babban asibiti, ɗalibai na bin bayanku, ɗakin gwaji na ƙofa ta gaba. Mu likitocin unguwa ba mu da wannan. Abu ɗaya aka kawo mana da ya ɗaga mu, shi ma ana mana kallon masu neman sauƙi.

Fom ɗin na riga na cika tun kafin takardarka ta zo. Biyar na ba su.

Sugan Malam ya sauka, ya daina shan shayi da madarar gwangwani. Ciwon bai rufe ba tukuna, har ya ɗan ƙara faɗi, yana jini in an taɓa. Na sake aikawa sashen suga, wani likitan daban ya amsa, ya ce irin wannan gyambo yana ɗaukar lokaci, a ci gaba.

Aiki ya yi yawa kwanakin nan, mai yiwuwa in jima ban rubuto ba.

Lubna

*

Malumfashi
26 ga Yuli

Lubna 'yata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Wannan takarda ban ba direba ba, maƙwabcina ne mai zuwa Kaduna zai kawo miki har asibiti ya sa a hannunki. Na sa Delu ta kira ki sau uku jiya, ba a ɗauka ba. Ban ga laifinki ba.

Laifin nawa ne. Shekara talatin ina koyar da ɗalibai da hannunka-mai-sanda, in nuna musu gefen abu in bar su su gano da kansu, har ya zama min jiki. Wannan yana da kyau in ɗalibin na tsaye kusa da ni, maras lafiya na kwance gabanmu. A takarda ba shi da kyau. Na kuma ji nauyin in yi miki katsalandan a kan wanda ban gani ba. Ga shi mun yi asarar sati uku da 'yan kwanaki. Yanzu zan faɗa miki kai tsaye.

Ba iyawarki nake zargi ba. Baƙin nan na gefen ciwon nake tsoro. Ki wanke wurin da kanki, da sabulu da ruwa, ki goge da auduga sosai. Tawada tana fita. In bai fita ba, a cikin fatar yake. Akwai sankarar fata da ke fito wa mutanenmu a tafin ƙafa, tana farawa kamar tabo baƙi marar tsari, daga baya ta fashe ta zama gyambo. In mutum yana da suga, kowa sai ya ce sugan ne. Ni kaina na taɓa cewa haka game da wata mata 'yar Bakori, ina sabon likita, kuma har yau ina tuna sunanta.

Ki fitar da shi waje, ki ɗauki hoton a hasken rana. Ki taɓa matsematsinsa ki ji ko akwai kaluluwa. Sannan ki aika sashen fata, kada ki tambaye su yadda za a wanke gyambon suga. Ki ce musu: ga abu, ban san ko mene ne ba.

Ina roƙon Allah ya sa tawada ce, ki rubuto ki yi min dariya.

Baffanki,
Labaran

*

Hayin Banki
3 ga Agusta

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Inna kuna lafiya. Mu lafiya. Ka yafe min takardar da na aiko, da kiran Inna da na gani na ƙi ɗauka. Ba aiki ba ne ya hana ni, fushi ne.

Bai fita ba, Baffa.

Maƙwabcinka ya iso ana kiran azahar. Na karanta a tsaye, na bar mutane a layi na hau Keke Napep zuwa Unguwar Shanu. Na sami Malam a zaure yana sauraron hadda. Na ce ya fito ƙofar gida, aka kawo buta da kujera. Na durƙusa na wanke, na goge, na sake gogewa har audugar ta ƙare. Audugar fara take fitowa. Na ce, "Malam, yaushe rabonka da shafa rubutu a nan?" Ya ce, "Ai tun ranar da kika hana. Wannan baƙin kuwa ya riga ciwon, ya fi shekara biyu yana nan. Ba ki tambaya ba, ni kuma na ɗauka ba komai ba ne."

Da na zo maganar matsematsi sai bakina ya yi nauyi. Mutumin da ya koya min alif da ba. Ya lura, ya ce, "A zaure ni ne malami. A nan ke ce. Yi aikinki." Muka shiga ciki, matarsa na tsaye. Na ji wani ɗan ƙulli a hagu, bai kai gyaɗa ba.

Na koma asibiti na rubuta yadda ka ce. Sabis ya ƙi, hoton ya yi ta juyawa bai tafi ba, sai da na fita bakin titi da kwamfutar a hannu. Kafin la'asar ta wuce amsa ta zo daga wata Dokta Humaira ta sashen fata. Layi uku ne: kada a sake taɓa ciwon, a kawo shi ranar Alhamis da safe, ta sa sunansa a gaban layi. Ta kuma rubuta lambar wayarta, abin da ba a saba yi ba.

Shawo kan Malam ya ɗauki kwana biyu. A ƙarshe ƙaninsa ya karɓi karatun, Sadiq ya ɗauki hutu ya kai mu Zariya a motarsa. Sun yanki ɗan nama sun kai ɗakin gwaji. Dokta Humaira ba ta ɓoye min ba, ta ce abin da kake tsoro shi take tsoro. Sakamako sai nan da kwana goma.

Na koma na buɗe tambayata ta farko na karanta. Ga abin da na rubuta: "Dattijo mai ciwon suga, da gyambon suga a tafin ƙafa. Wane magani ya dace?" Ni na sa wa ciwon suna kafin in aika. Hoton kuma a cikin ɗaki na ɗauka, baƙin ya haɗe da inuwa. Tun daga ranar in na zauna gaban kwamfutar sai in ji ba na son taɓa ta. Jiya wata mata ta zo da kumburin wuya, na rubuta mata takardar turawa irin ta da, alhali na san ba za ta je ba.

Ka sa mu a addu'a.

'Yarka,
Lubna

*

Malumfashi
9 ga Agusta

'Yata,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, sai dai Delu ta zame a bakin rijiya ta gurɗe hannu, an ɗaure, tana samun sauƙi. Ta ce in gaya miki ita ba ta ma ƙirga kiran ba.

Babu abin yafewa tsakaninmu. Na yi wa Malam addu'a, ina kuma yi.

Amma maganar matar nan mai kumburin wuya ba ta yi min daɗi ba. Ki aika a nemo ta. Ki duba da kyau abin da ya faru: kin yi tambaya da rana, kafin la'asar ta wuce an ba Malam wuri a gaban layi. Ni da nake shugaban sashe ban taɓa iya yi wa mutumin Unguwar Shanu haka ba, sai in ya san wani. Da ta tsohuwar hanya ce, da yanzu yana riƙe da katin watan Oktoba, in ma ya yarda ya je. Kuskuren da kika yi, likitoci suna yin sa tun kafin a ƙera kwamfuta. Kada ki hukunta marasa lafiyarki a kansa.

Abin da ya kamata shi ne masu tsarin su ji labarin nan daga bakinki, da sunanki, ba lamba a fom ba. Za ki ji kunya. Ki ji, ki faɗa.

Ki rubuto da zarar sakamako ya fito. In da hali, ki sa Sadiq ya kira Delu, ta iya yi min ihu a kunnen hagu.

Baffanki,
Labaran

*

Hayin Banki
16 ga Satumba

Baffana,

Assalamu alaikum. Da fatan hannun Inna ya warware. Bilkisu ta fara tsayawa da kujera. Sadiq yana gaisuwa.

Ka riga ka ji ta bakin Inna cewa sankarar ce, kuma an yi aiki. Ga sauran bayani. Sun cire yatsu biyu da wani ɓangare na tafin, sun cire ƙullin matsematsin ma. Da aka gwada ƙullin ba a sami cutar a ciki ba, sun ce ruwan gyambon ne ya tayar da shi. Dokta Humaira ta ce kada mu saki jiki, ciwon ya yi zurfi, za a riƙa duba shi duk wata uku. Dubawa ɗaya a Zariya, ɗaya a wurina in aika mata hoto. Ta nemi a riƙa tura mata nasa kai tsaye, an yarda.

Matar mai kumburin wuya an samo ta. Na aika bayaninta, tana kan magani.

Satin da ya wuce masu tsarin suka tara mu a wani ɗakin taro a Doka, likitocin ƙananan asibitoci kusan ashirin. Yawancinmu sun yaba. Wani ya ce ya koyi maganin farfaɗiyar yara daga amsoshin fiye da abin da ya koya a makaranta. Wata ta yi ƙorafin sabis, wani ya ce rubutun yana cinye masa lokacin cin abinci. Da aka zo kaina na miƙe na ba da labarin Malam, ban rage komai ba. Na roƙi abu biyu: a ƙara wurin da likita zai ce bai san sashen da ya dace ba, kuma in an sake tambaya a kan mutum ɗaya, a mayar wa wanda ya amsa da farko. Sai wani dattijon likita daga Kawo ya ce shi ma yana da irin nasa, ya faɗa. Bayansa mutum uku suka faɗi nasu. Masu tsarin sun rubuta, sun ce za su duba. Ban sani ba ko za su yi.

Jiya na je Unguwar Shanu. Malam ya koma zaure, a kan kujera yanzu, ƙafar a bisa matashi. Ya rame amma muryar tana nan. Ya miƙo min takarda da biro ya ce in rubuta masa sunayen likitocin da suka yi masa aiki, yana so ya riƙa ambatonsu bayan sallar asuba. Na rubuta Humaira. Na rubuta Labaran, na gaya masa ko kai wane ne, ya yi dariya ya ce ya tuna mai gardamar nan. Na miƙa masa, ya duba, ya dawo min da ita.

"Saura ɗaya," ya ce.

Na ce, "Malam, ni na jinkirta ka. Sati biyar ina wanke abin da ba a wankewa. Da na tambaye ka tun ranar farko, da wataƙila yatsa ɗaya za a cire."

Ya ce, "Na sani. Likitar Zariya ta yi min bayani, na kuma gane da kaina ranar da kika zo da audugarki fuskarki ta canja. Ni ma shekara biyu ina kallonsa ban gaya wa kowa ba. Rubuta."

Na rubuta sunana, Baffa. Rubutun bai yi kyau ba, amma ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

A gaida Inna da kyau.

'Yarka,
Lubna